Gwanayen da Ke Ajiye Amsa a Bakin Harshen Kwamfuta

Mutum yana zaune wurin mai shayi a Tsanyawa, bakin titin Kano zuwa Katsina, ya danna Facebook, kafin ya kai kofi baki sunayen abokai da yawan masu sharhi sun jeru a wayarsa. A wannan daƙiƙar mutane bila adadin suna yi wa kwamfutocin kamfanin irin tambayar. Da kowace sai an je babban rumbun bayanai an tono amsarta daga faifai, da injinan sun durƙushe. Masu hana hakan ba a ganinsu, amma aikinsu yana burge ni matuƙa.

Dubi mai awo a kasuwa. Yana da littafin da yake rubuta komai, amma in ka ce "nawa ne kwanon gero?" ba ya buɗe shi, amsar tana bakinsa. Haka injiniya yake kwafo amsoshin da aka fi nema ya zuba su a ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sauri, kowace da laƙabinta. Ka ba da laƙabi, a miƙo maka abin da ke ƙarƙashinsa, shi ke nan, babu bincike. Ɗauko abu daga ram yana cin kusan kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa, faifai mai juyawa kuwa kusan kashi 1 cikin 100. In ba a sami laƙabin ba, sai a je rumbun, a ba mai tambaya, a kuma bar kwafi don na bayansa.

Brad Fitzpatrick ne ya rubuta Memcached, manhajar da ke yin irin wannan ajiya a ram, a 2003 don shafin LiveJournal, Facebook kuma ta ɗora nauyi mai yawa a kanta. A 2009 Salvatore Sanfilippo, mutumin Sisili a Italiya, ya fito da makamanciyarta, Redis, wadda ke iya riƙe jeri da ƙidaya, har ta rubuta kwafi a faifai.

Kafa manhajar ba wuya. Gwaninta tana wurin hukunci. Ram tana da tsada, ba ta ɗaukar komai da komai, don haka idan ta cika ana korar abin da ya fi daɗewa ba a nema ba. Sannan kowace amsa sai an yanka mata wa'adi, a nan kuwa ake gane wanda ya goge. Sunan mutum zai iya kwana bai canza ba. Lambar sirrin da ake turo maka ta tes, mintuna kaɗan ya dace ta yi ta mutu. In mai awon nan ya ci gaba da faɗin farashin jiya alhali hatsi ya tashi a kasuwar Dawanau da safe, asara ce, saurin bakinsa bai amfane shi da komai ba. Saboda haka gwani yakan tsara cewa da zarar an sauya abu a rumbu, a goge tsohon kwafinsa nan take. Kuɗin asusun mutane kuwa ba ya barin su a ram kaɗai, domin in wuta ta ɗauke abin da ke cikinta ya tafi.

Akwai wani tarko da sai mai hangen nesa. Wa'adin amsar da kowa ke nema ya ƙare, dubban tambayoyi su afka wa rumbun a lokaci guda. Injiniyoyin Facebook sun bayyana maganinsu a 2013: a ba tambaya ɗaya izinin zuwa ta ɗauko, sauran su ɗan dakata su sake tambaya.

Ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi zai iya sauke Redis kyauta a laftof ɗinsa ya gwada da umarni uku: SET ya ajiye, GET ya ɗauko, EXPIRE ya sa wa'adi. Ya ba laƙabi daƙiƙa 30, ya jira su wuce, ya sake nema ya ga an ce babu.