Kwaɗayin wa? Gyara ga wani tafinta

Lahadin da ta wuce wata abokiyar karatuna ta ja ni majami'arsu, can wajen Gaweye. Muka taso daga Harobanda da ƙafa, muka ƙetare gadar Kennedy. Ni kimiyyar harshe nake karantawa, shi ya sa kunnena ya fi zama wajen tafinta bisa ga fasto. Fasto yana wa'azi da Faransanci, tafinta yana juyawa Hausa, jimla bayan jimla. A wurin juyin nan ne aka yi ɓarnar da ta sa na ɗauki biro.

Nassin ranar Luka ne, sura 12. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan uwansa ya raba gado da shi. Yesu ya ƙi shiga rabon, ya yi gargaɗi, sannan ya ba da misalin manomin da gonarsa ta yi albarka har rumbunansa suka kasa. Mutumin ya yanke shawarar rushe su ya gina manya, ya zauna ya ci shekaru. A daren nan aka karɓi ransa.

Abin da Yesu ya yi gargaɗi a kansa, da Girkanci pleonexia ne: pleon, wato ƙari, da echein, mallaka. Son ƙari bisa abin da ke hannu. Fasto ya karanta fassarar Louis Segond ta 1910, inda aka sa avarice, wanda ya fi kusa da rowa. Tafinta kuma ya ce kwaɗayi. Taku biyu kawai, kalma ta sauya ubangida.

Ku tambayi kunnenku, ƴan uwa. Wa ake ce ma makwaɗaici a gidanku? Yaron da ke leƙen kwanon maƙwabta. Matar da ta je biki da leda. In an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, da wanda ba shi da shi ake. Ban taɓa jin an ce ma mai rumbu goma makwaɗaici ba. Shi nasa sunan haɗama, ko handama, ko zari. To da tafinta ya maimaita kwaɗayi, kwaɗayi, sai na ga tsohuwar da ke gefena ta sunkuyar da kai kamar da ita ake, waɗanda suka ajiye katkat a ƙofa kuwa suna ta gyaɗa kai cikin natsuwa. Wallahi abin ya tsaya mini a wuya.

Kada in zalunci bawan Allah. Tafinta ba shi da lokacin buɗe ƙamus, kuma mai neman gadon nan ana iya ce masa makwaɗaici. Amma misalin bai tsaya kansa ba, ya wuce ga mai rumbu. Manomin bai saci kowa ba, bai leƙi kwanon kowa ba. Ku duba zancensa da kansa: komai da "na" ya ƙare, amfanina, rumbunana, kayana, har raina. Babu mutum na biyu cikin maganar. Sannan aikatau ɗin da aka yi amfani da shi wajen karɓar ran, apaiteo, na neman a maido abu ne, kamar mai bin bashi. Ashe ran da ya lissafa cikin kayansa aro ne.

Mu a Nijar ba sai an fassara mana rumbu ba. Mun san mai sayen hatsi da kaka yana arha, ya kulle, ya jira tiya ta hau tsakiyar damina. A 2005 yara sun yi ta mutuwa da tamowa a jihar Maraɗi alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Da tafinta ya ce haɗama, wannan hoton ne zai faɗo ma kowa.

Fasto ya rufe da sura 16, labarin attajiri da Li'azaru, kuma a nan Hausa da kanta ta ɗana tarko. Arziki a bakinmu dukiya ne, kuma halin kirki ne: ɗan arziki. Tsiya talauci ce, kuma mugun hali ce: matsiyaci. Harshen ya riga ya yanke hukunci tun ba a je lahira ba. Labarin kuwa kifar da wannan yake yi. Maroƙa sunan mai kuɗi suke wasawa, mai bara ba a tambayar sunansa. A nan attajirin ne ba shi da suna, mai gyambon da ke kwance a ƙofarsa shi ne Li'azaru, daga Ibrananci Eleazar, Allah ya taimaka. Mala'iku suka kai shi wurin Ibrahim, attajiri ya sami kansa cikin azaba yana roƙon ɗigon ruwa, ga rami mai zurfi tsakani wanda ba a ƙetarewa. Abin da ya fi ba ni tsoro, daga cikin wutar ya kira Li'azaru da sunansa. Ya san shi ke nan duk shekarun nan. Kuma ko a can, aike yake so a yi da shi, ya kawo ruwa, ya je wurin ƴan uwansa biyar. Tafinta ya yi ta ce masa mai arziki, da irin muryar da ake yabo da ita. Mai dukiya ya kamata ya ce, ya bar arziki a wurinsa.

Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa, na gaida shi, na ce, "Malam, me ya hana ka ce haɗama?" Ya yi dariya, ya waiga wajen motocin, ya ce, "Ɗana, wannan kalmar ta yi nauyi."