Sa'o'in Koyon Aikin Hannu a Makarantun Jinya da Kiwon Lafiya: Sharhi Daga Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi sharhi a kan ma'aunin da ake amfani da shi wajen tabbatar da cewa ɗalibin jinya ya ƙware a aikin hannu, wato ƙidayar sa'o'i da makonnin da ya yi a asibiti. Mun ɗauki Kankiya da Kusada a matsayin madubi, domin a Kankiya akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya da babban asibiti, ƙauyukan Kusada kuwa misali ne na irin wuraren da ɗalibi zai sami kansa bayan ya karɓi takardar shaida.

Asalin Ma'aunin

Ƙidayar lokaci ba sabon abu ba ne. Tun a makarantar da Florence Nightingale ta kafa a asibitin St Thomas na birnin Landan a 1860, a gefen gadon majinyaci ake koyon jinya. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta ƙayyade shekara uku ko sa'o'i 4,600 ga horon ma'aikacin jinya, ta kuma wajabta cewa aƙalla rabinsu a yi su a wurin jinya. A nan Nijeriya, dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa majalisar kula da aikin jinya da ungozomanci, mai lamba 61 ta 1992 kuma ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan lafiya na karkara. Tsakanin waɗannan shekaru ne, bayan taron Alma-Ata na 1978, a zamanin ministancin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, kiwon lafiya matakin farko ya zama ginshiƙin manufar ƙasa ta 1988.

Ba mu musun amfanin wannan ma'auni. Ya hana a yaye ɗalibi da karatun allo kaɗai, kuma gani ya kori ji. Sai dai muna ganin yana da rauni ta fuskoki uku.

Rauni na Farko: Tsayuwa Ba Aiki Ba Ce

Sa'a tana auna zaman ɗalibi a ɗakin majinyata, amma ba ta auna abin da hannunsa ya taɓa. Idan ɗalibai goma suka kewaye yaro ɗaya da za a yi wa ƙarin ruwa, ɗaya ne zai nemo jijiya, amma dukkansu za a rubuta musu sa'ar. Ke nan yawan majinyata da yawan ƙwararrun da ke sa ido su ne ke yanke rabon kowane ɗalibi. Duk lokacin da aka ƙara ɗaukar ɗalibai ba a ƙara gadaje da malamai ba, rabon nan raguwa yake yi, ko da jadawalin yana nan cike a takarda.

Rauni na Biyu: Cuta da Lokacinta

Jadawalin makaranta yana bin zangon karatu, cututtukan ƙasar Katsina kuwa suna bin yanayi. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna tsananta da damina, ƙyanda da sanƙarau kuma da rani zuwa bazara. Ɗalibin da duk makonninsa suka faɗo cikin hunturu zai iya cika sa'o'insa bai taɓa riƙe yaron da zazzaɓi ya sa jijjiga ba. Ya haddace cewa awon damtsen da ya gaza santimita 11.5 alama ce ta tamowa mai tsanani, amma bai saba da ɗaura ma'aunin a hannun yaro mai kuka ba.

Rauni na Uku: Asibiti Daban, Karkara Daban

A babban asibiti akwai likita, akwai ɗakin gwaji, akwai wanda za a kira. A ƙaramin asibitin ƙauye sau da yawa ma'aikaci shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Manufar raba ayyuka da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da ita a 2014 ta ɗora wa ma'aikatan karkara ayyukan da a da sai ungozoma, har da karɓar haihuwa da taimakon farko ga mai zubar jini. To, matar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a wani ƙauyen Kusada ba ta da bukatar sanin sa'o'in da mai duba ta ya cika. Rayuwarta ta rataya ne a kan ko hannunsa ya taɓa yin aikin. Ga kuma kunya, wadda kan hana ɗalibi namiji kusantar awon ciki, alhali gobe shi za a tarar a bakin aiki.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a riƙe sa'o'i a matsayin mafi ƙarancin sharaɗi, a kuma ɗora musu ƙidayar ayyuka: allura nawa, wankin miki nawa, haihuwa nawa, kowanne da sa hannun wanda ya gani da idonsa. A baza makonnin fita aiki su ratsa damina da rani, a kuma ba asibitocin ƙauye kaso mai tsoka. Inda majinyata suka yi ƙaranci, a yi amfani da mutum-mutumin roba. Wani bincike da hukumomin jinya na Amurka suka fitar a 2014 ya nuna cewa irin wannan atisaye na iya maye gurbin rabin sa'o'in asibiti, amma da sharaɗin kayan aiki nagari da malaman da aka horar a kai. Idan babu waɗannan biyu, aro wannan hujja yaudarar kai ne. Daga ƙarshe, a jarraba ɗalibi tasha-tasha yana aiki da hannunsa, kamar yadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka tsara a 1975, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.