Gani Bai Kori Ji Ba: Sharhi a Kan Kurakuran Kwafar Sunaye Daga Tsofaffin Takardun Ƙidaya

Bara wani ɗan baffana da ke Kaduna ya turo mini jerin sunaye da ya samo a intanet, wanda aka ce an kwafo shi daga tsohuwar takardar ƙidayar masu biyan haraji a ƙasar Ruma. A layi ɗaya akwai "Mamman Baki", a wani kuma "Momodu Baki". Nan take ya yanke hukunci cewa kakan mahaifinmu yana da ɗan'uwa. Kakarmu a Batsari ta ce sam, Mamman Baƙi shi kaɗai ne namiji a gidansu. Ɗan baffan nawa ya ce tsufa ya kama ta, ai gani ya kori ji.

Wannan sharhi ja ne da hukuncinsa. Abin da ya gani a wayarsa, wani ne ya fara jin sa da kunne, sa'annan ya bi ta hannuwa da dama kafin ya iso gare mu, kowane hannu da irin ɓarnarsa.

Mai faɗar sunan shi ne na farko. Bahaushe yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan rana, kuma alkunya kan hana a ambaci wani kai tsaye. Muhammadu ɗaya zai iya zama Mamman bana, Baƙi baɗi. Ga shi kuma ƙidayar haraji ce, wadda ba kowa ke son a ƙirga shi daidai ba.

Sai malamin da ya rubuta. Idan da ajami ne, marubuta da yawa ba su bambanta b da ɓ. Idan da boko ne, shi ma a lokacin bai zauna da gindinsa ba. Clapperton ya rubuta Kashna, Barth da ya zo a 1851 ya rubuta Katsena, duk suna nufin Katsina. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma sai a shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka samu shiga. Keken rubutun ofis kuwa yawanci ba shi da su. Da haka laƙabin Baƙi, na launin fata, ya koma baki na cin tuwo. Garin da ya kai Katsina ma an juya sunansa, ina ga talakan Wagini ko Runka?

Na ƙarshe shi ne mai kwafar yau, wanda watakila bai taɓa jin Hausa ba. Yakan rikita m da n, ya haɗe 'Yar Gamji ta zama kalma guda, ya ɗauki sunan gari a matsayin sunan uba. Kuskurensa ya fi illa, domin yana fitowa da haruffa tsaf, babu gogewa, babu alamar shakka, kuma cikin ƙiftawar ido wasu sun kwafe shi.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Da aka saki takardun ƙidayar Amurka ta 1940 a shekarar 2012, 'yan sa-kai ne suka kwafe sunayen, su ma sun yi tuntuɓe. Sai dai FamilySearch kan ajiye hoton asalin shafin tare da kwafin, mai bincike ya duba da idonsa. Jerin da aka turo mini ba shi da hoto, ba shi da shekara, ba shi da lambar fayil da za a bi zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Shaida ce da ba ta da mai tsaya mata.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a nazarinsa kan Barth a Katsina, ya nuna cewa rubutacciyar majiya ma sai an tuhume ta: wa ya faɗa, wa ya fassara, don me aka rubuta. Wannan ma'auni ya kamata mu ɗora wa kowane jerin sunaye. Ban ce ƙwaƙwalwar tsofaffi ba ta kuskure ba. A dai zaunar da shaidun biyu, a saurari kowanne.

Lamarin ya zama na gaggawa a Batsari da Safana. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, zuri'a ta warwatsu, tsofaffin da suka san wane ya haifi wane suna ƙarewa a gudun hijira. Ranar da suka ƙare, kwafin nan ne zai rage, kuma babu mai musa masa. Shi ya sa da na je gida na zauna gaban kakarmu da waya da littafi, na naɗi muryarta, na rubuta sunayen da lanƙwasarsu. Ta kai ni har kaka na biyar, kuma Mamman Baƙi ɗaya ne tak a ciki.