Littafin Mai Mulki da Kunnen Talaka: Nazari Daga Arewacin Yobe

A ranar 20 ga Fabrairu, 2025, aka taru a Abuja domin ƙaddamar da *A Journey in Service*, littafin da Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya rubuta a kan rayuwarsa da mulkinsa. Mu a arewacin Yobe labarin littafin ne ya iso mana, shi kansa bai zo ba. A Kumagannam, cikin ƙaramar hukumar Yusufari, da Gashuwa da Nguru, abu biyu aka ji a rediyo aka yi ta juya su a teburin mai shayi: Janar ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda aka soke, sannan attajirai sun yi alkawarin biliyoyin nairori a zama guda don gina masa ɗakin karatu. Littafi mai shafi fiye da 400, abin da ya ƙetaro Damaturu ya same mu ke nan.

Wannan ya sa nake son mu duba irin wannan rubutu, wato tarihin da ɗan siyasa ke bayarwa na kansa, mu ga me yake ba mai karatu, me kuma yake ɓoye masa.

Bahaushe yana da magana biyu da ke jan wannan fanni, kowace ta nufi nata gefen. Ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya kuma ce yabon kai jahilci. A al'adarmu babba ba ya tsayawa ya lissafa ayyukansa. Akwai maroƙi da makaɗi da sanƙira da aka bar wa wannan aiki, shi nasa ya sunkuyar da kai ya yi kyauta. Ina ganin wannan kunya tana cikin dalilan da suka sa manyan Arewa kaɗan ne suka ɗauki alƙalami. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da *My Life* a 1962, yana kan kujerar Firimiya, shekara huɗu kafin a kashe shi. Alhaji Shehu Shagari ya jira har 2001 kafin *Beckoned to Serve* ya fito, shekara 18 bayan sojoji sun hamɓarar da shi. Tafawa Ɓalewa ya bar mana *Shaihu Umar*, aka kashe shi bai ba da labarin mulkinsa ba. Malam Aminu Kano, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana magana da talaka cikin harshen talaka, littafin da aka fi sani a kan rayuwarsa Ba'amurke ne, Alan Feinstein, ya rubuta shi da Turanci a 1973. Wannan na ƙarshe yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

A Amurka kuwa abin ya zama sana'a mai kasuwa. Tun 1885 tsohon shugabansu Ulysses Grant, yana fama da ciwon dajin maƙogwaro kuma ya talauce, ya dage ya kammala tarihinsa kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa domin iyalinsa su sami abin dogaro. Yau kusan duk wanda ya bar Fadar White House sai ya rubuta. Barack Obama ya fitar da *A Promised Land* a Nuwamban 2020. Wasu ma littafin ne ke buɗe musu ƙofar siyasa: J.D. Vance, mataimakin shugaban ƙasa a yanzu, da *Hillbilly Elegy* na 2016 duniya ta san shi, kafin ya taɓa tsayawa takara. Ba na cewa nasu sun fi namu gaskiya. Su ma wankin kai suke yi, kuma da yawansu marubutan haya ne ke riƙe musu alƙalami, kamar yadda Tony Schwartz ya yi wa Donald Trump a 1987. Inda suka sha gabanmu shi ne lokaci.

Dubi Kamala Harris. Joe Biden ya janye daga takara ranar 21 ga Yuli, 2024, ta maye gurbinsa, aka yi zaɓe ranar 5 ga Nuwamba, ta sha kaye. Ba a cika shekara ba, a Satumban 2025, ta fitar da *107 Days*, inda ta ce barin Biden da matarsa su kaɗai su yanke shawarar sake tsayawa ganganci ne. Yawancin waɗanda ta ambata suna raye, suna da baki. Gwamnan Pennsylvania, Josh Shapiro, ya fito ya musanta yadda ta ba da labarin ganawarsu. Mai karatu ya ji ɓangare biyu tun zancen yana da zafi, ya auna.

Sai ka dawo kan na Babangida. Kusan shekara 32 tsakanin soke zaɓen da fitowar littafin. Ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru a matsayinsa na shugaba, amma ya jingina ainihin aikin ga wasu hafsoshi ƙarƙashin jagorancin Janar Sani Abacha. Abacha ya rasu a Yunin 1998, Abiola ya bi shi a Yulin shekarar. 'Ya'yan Abacha ne suka fito suka yi raddi, alhali ɗa ba ya cikin ɗakin da aka yanke shawarar. Alƙalin kowace kotun shari'a a Nguru ba zai yanke hukunci da jin bakin mutum guda ba, balle wanda ake tuhuma yana kabari. Haka aka yi da yaƙin basasa: Obasanjo ya fitar da *My Command* a 1980, sai a 2013 Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda suka yi fagen daga tare, ya amsa masa da nasa littafin. Shekara 33 magana guda tana yawo ita kaɗai.

Ga kuma bikin ƙaddamarwa, wanda a wurinmu ya kusa haɗiye littafin. Ana neman babban mai ƙaddamarwa, a jera masu kuɗi, kowa ya tashi ya faɗi abin da zai bayar, a yi tafi a watse. Littafin da aka rubuta don a karanta shi a gaban waɗanda za su ba da gudummawa, da wuya ya faɗi abin da zai ɓata musu rai. Maroƙin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, sai dai yanzu da Turanci yake kirarin.

To mu ina muke a cikin waɗannan littattafai? A cikin abubuwan da suka faru muna nan tsundum. Babangida ne ya yanke Yobe daga Borno ranar 27 ga Agusta, 1991. Gwamnatinsa ce kuma ta kawo lauya Gani Fawehinmi kurkukun Gashuwa a 1989, domin a lissafin masu mulki garinmu ne ƙarshen duniya, inda ake jefa wanda ake so a manta da shi. Mutumin Gashuwa yana da haƙƙin ya buɗe littafin ya nemi bayanin wannan da idonsa, amma a wane shago zai same shi, kuma da wane harshe?

Akwai tambayoyin da suka fi wannan kusa da tukunyarmu. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa dausayin Haɗeja da Nguru ya sauya hali, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi duk suka ji a jikinsu. Wasu mutane ne suka zauna a ofis suka yanke wannan shawara, wasu suka yi gargaɗi aka ƙi ji ko aka ji. Layin dogon da ya iso Nguru wajen 1930 ya mai da ita tashar gyaɗa da shanu, daga baya ya yi shiru. Wani ne ya sa hannu, wani ya ƙi sawa. Ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewayenta, da rairayin da ke matso gonakin gero a ƙasar Yusufari, kowannensu ya bi ta teburin kwamishina da babban sakatare da ɗan majalisa. Tarihin irin waɗannan mutane nake ƙishirwa, fiye da na shugabannin ƙasa, domin su suka san inda takarda ta maƙale.

Marigayi Bukar Abba Ibrahim, gwamnan farar hula na farko a Yobe, ya yi abin a yaba da ya rubuta *Poorlitics* tun yana da rai, kafin rasuwarsa a Fabrairun 2024. Amma ga babban labari nan a gabanmu da ba a gama ba da shi ba. A Mayun 2022 Bashir Sheriff Machina ya ci zaɓen fid da gwani na APC na kujerar sanatan Yobe ta Arewa, lokacin Sanata Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa kuma shugaban Majalisar Dattawa, yana neman tikitin shugaban ƙasa. Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka ba Machina gaskiya, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin ranar 6 ga Fabrairu, 2023, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Har yau ana gardamar wannan a majalisun Nguru da Machina da Kumagannam, kowa da abin da ya ji an ce. Lawan yana Majalisar Tarayya tun 1999. Abin da ya gani ya isa littafi uku. Su biyun suna raye, wakilan da suka kaɗa ƙuri'a a ranar da yawansu suna raye.

Kuma hanyar a buɗe take. Sheikh Abubakar Gumi ya ba da tarihinsa ta hannun Isma'ila Tsiga a 1992, aka kuma samar da shi da Hausa. Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta yi boko ba, da baki ta ba Mary Smith labarinta, ya zama littafi a 1954 da har yau ake karantawa a jami'o'in duniya. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana nan tun 2013, da malaman tarihi da ɗalibai masu waya a aljihu da za ta iya naɗar murya.

Roƙona ga manyanmu da suka riƙe amana a wannan yanki, ranku ya daɗe: ku rubuta yanzu, tun waɗanda za su iya ce muku ba haka aka yi ba suna numfashi. Ku rubuta da Hausa, a fassara wa mai Kanuri da mai Badanci, a karanta a rediyo, a sa farashin da malamin firamare na Kumagannam zai iya saya daga albashinsa.