Faifai Ba Suna, Ba Shekara

Masu sayar da faifan CD sun yi ƙaranci a Kafanchan. Gobarar kasuwa ta Afrilun 2011 ta ci rumfuna, sannan waya da memori suka zo suka kwashe ciniki. Amma har yanzu akwai 'yan tebura da masu turi a baro, kuma wanda ya tsaya ya bincika kayansu zai ga abin da ke damunmu.

Mu fara da na kiɗa, ko da yake wasu za su ce me ya kai liman nan. A tebur guda za ka tarar da Narambaɗa, da Musa Ɗanƙwairo, da Mamman Shata, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa. Waɗannan taskar Hausa ce, mai son tsantsar harshe can zai same ta. Sai dai kash, an gwamutsa su kamar gwanjo. Hoton Shata a bango, ka sa faifan ka ji kotso, alhali kowa ya san Shata da kalangu aka san shi. Ba sunan waƙa, ba wanda aka yi wa ita, ba shekara. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 ina zai gane? Bala Miller ma, da ya zuba Hausa a kan kiɗan ƙaho da jita, a garin jirgin ƙasa irin namu da ya saba da hailaif, da ƙyar ka same shi.

Wani lokaci faifan Turawa kan faɗo cikin kayan gwanjo, na Beethoven ko jaz na baƙaƙen Amurka. Kiɗan bai dame mu ba. Ɗan littafin da ke cikin kwalin shi ne abin lura: wa ya busa, wa ya kaɗa, a wane gari, a wace rana. Su da ba su karanta ilimin isnadi ba, ga shi sun riƙe shi a kan kiɗa.

Mu kuwa ko a kan karatu mun sake shi, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Tafsirin Malam Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello, wanda ya rasu tun 1992, da na Malam Ja'afar da aka kashe a Kano a 2007, duk ana sayar da su ba lambar zama, ba shekarar azumin. Faifan da ke ɗaukar minti tamanin, in karatu ya zarce sai a datse shi a tsakiyar aya. Mafi muni shi ne wanda ake kira zaɓaɓɓu: a tsinto inda malam ya ɗaga murya, a jefar da tambayar da aka yi masa da sharaɗin da ya gindaya, a liƙa masa take mai zafi don ya shiga kasuwa. Wallahi wannan ƙarya ce ake yi wa mamaci da bakinsa.

Kuma a ina? A garin da rikicin Maris 1987 ya taso daga Kwalejin Ilimi a kan maganar wa'azi. Lasifikar mai faifai ba ta tantance kunne. Maƙwabcinmu Bajju ko Fantsuwam da ya zo sayen gishiri yana jin Hausa sarai, kuma guntun da aka datse shi zai kai gida.

Masu tura wa mutane karatu a memori sun gaji wannan ɗabi'a, har sun fi, don su ko bangon babu. Muna roƙon masu sana'ar su riƙa rubuta sunan malami da masallaci da shekara, ko da da biro ne. Mai saye kuma ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi.