Zoɓon Maigatari: Inji Kaɗai Ba Ya Zamanantar da Masana'anta

Ana yawan cewa da an sayo injin tantance riɗi ko zoɓo mai kwamfuta, shi ke nan masana'anta ta zamanantu. Maganar da gyara. Haɗa masana'anta da kwamfuta na nufin oda, awo, sito, inji da gwajin inganci duk suna zuba bayanansu a rumbu guda.

Ku tuna Mekziko ta taɓa dakatar da zoɓon Najeriya saboda ƙwarin ajiya. A irin wannan hali mai saye tambaya yake: wane buhu, wane sito, yaushe aka sa magani? Injin tantancewa ba shi da amsa.

Masu sarrafa kaya a Maigatari da Gagarawa su fara da lamba a kowane buhu, tsayayyiyar wuta, da ƙwararrun masu gyara a kusa. Inji ya biyo baya.