Tsokaci a Kan Nazarin da Ake Yi wa Jagorancin Tarayya a Makarantu

Manufar wannan maƙala ita ce a yi tsokaci a kan wani ra'ayi da ya kafu a tsakanin manazarta sha'anin mulkin makarantu, watau cewa idan shugaban makaranta ya raba jagoranci tsakaninsa da malamansa, malaman sukan ƙara gamsuwa da aikinsu, su kuma ƙara amincewa da iyawarsu. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma ya kamata a auna hujjojin da aka ɗora shi a kansu.

Tun a 1954 C. A. Gibb ya nuna cewa jagoranci aiki ne da jama'ar ƙungiya suke ɗauka tare. Peter Gronn ya farfaɗo da batun a 2002, sannan James Spillane ya faɗaɗa shi a littafinsa na 2006, bayan binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a makarantun Chicago ta Amurka. A wajen Spillane, jagoranci yana cikin cuɗanyar da ke gudana tsakanin shugabanni da mabiya da yanayin da suke ciki, saboda haka sai an zauna a makaranta an lura kafin a gan shi. Ita kuwa amincewa da iyawar kai, Albert Bandura ne ya yi mata turke a 1977, ya kuma kawo mata tushe huɗu: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, da ganin wani kamarsa ya yi nasara, da ƙarfafa gwiwa ta baki, da halin da jiki da zuciya suke ciki. Na farkon shi ne mafi ƙarfi.

Hujjar da aka fi kafawa a yau ta fito ne daga binciken TALIS na ƙungiyar OECD, wanda aka fara a 2008. A zagayen 2013 an tambayi malamai fiye da 100,000 a ƙasashe da yankuna 34, aka kuma ga cewa waɗanda suka ce ana damawa da su wajen yanke shawara sun fi nuna gamsuwa da aiki da amincewa da kai. A 2018 Anna Sun da Jiangang Xia suka sake tace waɗannan alƙaluma, suka ce jagorancin tarayya yana kaiwa ga gamsuwa ta hanya biyu, kai tsaye da kuma ta hanyar amincewa da iyawa. Haƙiƙa aikin yana da inganci ta fuskar lissafi, musamman yadda suka bambance abin da ya shafi malami shi kaɗai da abin da ya shafi makaranta baki ɗaya.

To amma me aka auna? Tambayoyin da aka yi sun ta'allaƙa ne a kan ko makaranta tana ba ma'aikata da iyaye da ɗalibai damar sa baki a shawarwari, malami kuma ya zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu, daga ƙin yarda ƙwarai zuwa yarda ƙwarai. Wannan ya yi nisa da abin da Spillane yake nufi. Akwai shugaban da zai kira taron malamai kowane mako, ya saurari kowa, ya tashi ya zartar da abin da ya riga ya ƙulla tun a ofishinsa. Akwai kuma wanda zai ɗora wa malami tsara jadawalin darussa da kula da jarrabawa da horon ɗalibai, ba tare da an rage masa awa ɗaya ta koyarwa ba, a kira wannan rabon jagoranci, alhali kuwa rabon wahala ne. Andy Hargreaves ya yi gargaɗi a kan irin wannan haɗin kai na dole a 1994, Jacky Lumby kuma ta nuna a 2013 cewa iko yakan zauna inda yake ko da an canza masa suna. Takardar tambayoyi ba za ta iya rarrabe waɗannan makarantu da wadda aka raba iko da gaske ba.

Wata matsalar ita ce baki ɗaya ne ya ba da dukkan amsoshin, a zama ɗaya. Malamin da yake jin daɗin makarantarsa zai yabi shugabansa, ya yabi kansa, ya yabi aikin. Wanda ransa ya ɓaci zai kushe su duka. Bugu da ƙari, tun da a lokaci guda aka ɗauki bayanan, ba a iya cewa wanne ne ya haifi wanne. Mai yiwuwa ne shugaba yakan miƙa ragama ga malamin da ya riga ya ga ƙwazonsa, ke nan amincewa da kai ce ta jawo rabon jagoranci. Ra'ayin Bandura ma ya fi karkata nan, domin nasarar da malami yake samu a cikin aji take faruwa, ba a ɗakin taro ba.

Sai batun al'ada, wanda a ganina shi ne ya fi shafar mahalarta wannan taro. A zagayen 2013, kimanin 16 cikin 100 na malaman Japan ne suka ce suna iya taimaka wa ɗalibai su yi tunani mai zurfi, alhali matsakaicin ƙasashen ya kai kimanin 80 cikin 100, ga shi kuwa ɗaliban Japan suna cikin na gaba a jarrabawar PISA. Da wuya a ce rashin iyawa ne. Ya fi kama da kawaici. Al'ummar da ta ɗauki yabon kai jahilci ne, za ta iya amsa irin wannan tambaya kamar yadda Japanawa suka amsa. A zagayen 2018, da ya haɗa ƙasashe da yankuna 48, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Saboda haka duk wanda zai ari waɗannan tambayoyi ya kai su makarantun Kano ko Damagaram, sai ya fara gwada yadda malami yake fahimtarsu da Hausa, ya kuma haɗa da zama a taron malamai ya ga wanda maganarsa take zama hukunci.